Wata Bakwai Ina Bin Yatsun Mark Knopfler

Na fi shekara goma ina sauraron "Sultans of Swing" kafin in gane ashe rabinta kawai na sani. Wadda na saba da ita ita ce ta situdiyo, ta faifan farko na ƙungiyar Dire Straits da ya fito a 1978, wadda ba ta cika minti shida ba. Waƙa ce mai tsafta, babu hayaniya a cikinta, amma tana da wani hali da ke ba ni haushi. Daidai lokacin da jita ta ɗauki zafi a ƙarshe, sai a riƙa rage sautin a hankali har ya ɓace, kamar mutum ya ɗauko maka labari mai daɗi, yana kaiwa tsakiya aka kira shi waje.

Na taɓa yi wa yayana wannan ƙorafin, shi da yake ya daɗe yana taɓa jita. Bai ce komai ba a ranar. Bayan kwana biyu da dare sai ya turo mini wani bidiyo, ya rubuta a ƙasa: "Ga inda aka ƙarasa maka labarin."

Wasan da suka yi ne a zauren Hammersmith Odeon da ke yammacin Landan, a ranakun 22 da 23 ga Yulin 1983, wanda aka fitar a faifai mai suna Alchemy a 1984. A nan waƙar ta kai kusan minti 11. Na kalle ta sau huɗu a jere a daren. Da gari ya waye na je gidan Yaya na ce ya ara mini tsohuwar jitarsa ta lantarki da ɗan ƙaramin amfilifayan da ya jingine a bayan ƙofa. Ya tambaye ni me zan yi da su. Na ce so nake in koyi kiɗan ƙarshen nan, wurin da yatsun Mark Knopfler, mawaƙin ƙungiyar kuma mai kaɗa babbar jitarta, ke gudu kamar ruwan sama a kan kwano. Na ce masa wata ɗaya ya ishe ni, tunda na ɗan iya kama tsirkiya tun ina makaranta.

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Sannan ya miƙo hannu ya karɓe ɗan filastik ɗin da ake kaɗa tsirkiya da shi, wanda na riga na ɗauka daga kan teburinsa, ya jefa a aljihu.

"Wannan kuma na mene ne, Yaya?"

"Koma ka kalli hannunsa na dama, ƙanena. Ka ga ya riƙe wani abu?"

Sau huɗu na kalli bidiyon amma ban lura ba. Knopfler ba ya riƙe komai. Da naman yatsunsa yake kiɗa: babban yatsa, manuniya da na tsakiya, sauran biyun kuma ya dogara su a jikin jitar. Daga nan ne wannan sautin nasa yake fitowa, mai taushi a wani wuri, mai tsartuwa a wani wurin idan ya ɗago tsirkiya ya sake ta ta daki ƙarfen wuyan jita. Wani abin mamakin kuma, bahago ne, amma yana riƙe jita irin ta na-dama, wato hannunsa mai ƙarfi shi ne a kan wuyan jitar, inda ake danna tsirkiya ana tura ta.

Makonni ukun farko babu abin da na samu sai bororo. Babban yatsana na dama ya tashi ya fashe, ya sake tashi. Yatsun hagu ma da na ɗauka sun saba, ashe kantar da suka yi a da ta daɗe da gogewa. Sautin da nake fitarwa kuwa ba ya jiyuwa sosai, don naman yatsa ba ya ba da ƙara kamar filastik sai ka koyi yadda za ka shiga ƙarƙashin tsirkiyar ka fizgo ta. Kullum ina jin kwaɗayin in nemo wani filastik ɗin in huta. Ban yi ba, ba don jarunta ba, don na san Yaya zai gane daga jin bugu ɗaya.

Kuskurena na farko babba shi ne na tsallake komai na dira kan wurin gudun. Idan ka warware shi, abin ba shi da yawa. Sauti huɗu ne ake ta maimaitawa a kan tsirkiyoyi biyu mafi siranta. Ka danna gaɓa ta 13 ta wuyan jitar a tsirkiyar da ta fi siranta, ka kaɗa, ka fizge yatsan sautin ya faɗo gaɓa ta 10, babban yatsa ya taɓa gaɓa ta 10 a tsirkiya ta biyu, manuniya ta dawo ta ƙasa. Shi ke nan, sai ka koma farko. Idan kiɗan ya juya, sai ka matsa yatsa guda zuwa gaɓa ta 11, daga nan ka tura hannun gaba ɗaya zuwa 15 da 12 da 13. Haɗin sauti uku ke nan, waɗanda masu jita ke rubutawa Dm, Bb da C. Cikin yini guda na haddace wuraren. Na yi ta murna, har na aika wa Yaya saƙo cewa wata ɗayan ma ya yi yawa.

Sanin inda yatsa zai sauka daban, saukar da shi a kan lokaci daban. Waƙar tana tafiya ne a kan bugu kusan 150 a minti, kuma a kowane bugu sai ka cusa sautukan nan huɗu. Na sauke manhajar ƙirga bugu a waya na fara daga 70. Na rage gudun bidiyon a YouTube zuwa rabi, wani lokacin har rubu'i, inda muryar Knopfler ke komawa kamar ta mai magana daga cikin rijiya. Duk kwana biyu ina ƙara bugu huɗu. Na haura 80, na haura 90, na wuce 100 ina jin kaina. A 108 na tsaya cak. Mako uku ina wurin. Da na ƙara ko bugu biyu ne sai babban yatsa da manuniya su fara karo da juna, sautin ya cakuɗe.

Abin da na yi a lokacin shi ne abin da bai kamata ba: na ƙara ƙarfi. Na riƙa matse wuyan jitar kamar zai gudu, ina zama awa biyu ina maimaita abu ɗaya. Matata ta jure iya jurewa, ran nan ta leƙo ta ce, "Maigida, wai waƙar nan ba ta da gaba ne? Wata biyu ke nan wuri ɗaya nake ji." Ban sami amsar ba ta ba. Bayan 'yan kwanaki wuyan hannuna na hagu ya fara zafi, irin zafin da ke bin jijiya har gwiwar hannu. Dole na jingine jitar mako biyu.

An ce gani ya kori ji, amma ni a makonni biyun nan ji ne ya kori gani. Tunda ba zan iya kiɗa ba, sai na daina kallon bidiyon, na riƙa sa abin ji a kunne ina kashe fitila. Na yi wa kaina doka: kowane dare mutum ɗaya zan bi daga farko har ƙarshe, in manta da sauran.

Daren farko na bi mai ganga, kuma a nan ne na fara jin kunyar kaina. Wata biyu ina cikin waƙar nan ban san cewa rabin wutar da ke cikinta daga bayan dandamali take tashi ba. A faifan situdiyo Pick Withers ne a kan ganguna, mutum mai hannu mara nauyi, wanda ke tafiyar da kiɗan cikin natsuwa. Ya bar ƙungiyar a 1982, Terry Williams ɗan yankin Wales ya maye gurbinsa, kuma shi ne a Hammersmith. Williams ba ya lallashin ganga, dukanta yake yi. Duk inda Knopfler ya ja numfashi sai ya cike gurbin da wani birgima na ganguna, kamar yana tunzura shi. Akwai masu ganin ya cika yawa, cewa ya ɓata sanyin da waƙar ke da shi tun asali. Na fahimci abin da suke nufi, amma ban yarda ba. Waƙar da za ta yi minti 11 a gaban dubban mutane tana bukatar mai tura ta daga baya.

Dare na biyu na bi John Illsley mai jitar bas, wanda kusan ba ya yin wani ado, yana nan daram kamar ginshiƙi, shi ya sa sauran ke samun damar yin yawo su dawo. Dare na uku na bi Hal Lindes, mai jita ta biyu, wanda aikinsa riƙe kari ne kawai. Dare na huɗu na bi fiyanon Alan Clark, sai ga ni a wurin da na fi tsallakewa duk lokacin da nake gaggawar isa wurin gudu.

Bayan an gama baitocin waƙar, jita ta yi ɗan zagaye, sai komai ya lafa. Ganguna su koma can ƙasa, fiyano ta fito, Knopfler ya riƙa ajiye sauti ɗaya-ɗaya, yana barin fili a tsakaninsu. Ya faɗi 'yar magana da jita, fiyano ta amsa, ya sake faɗa da wata siga. Ba ya sauri ko kaɗan. Daga nan ne abin ke fara hawa, a hankali ƙwarai har ba ka sanin lokacin da ka gyara zama. Ganguna su ƙaru, jita ta matsa sama, ya taɓo gefen sautukan nan huɗu ya janye, ya sake taɓowa ya janye. Lokacin da ya sake su gaba ɗaya, ka riga ka daɗe kana roƙonsu a zuci. Sai na gane cewa abin da ya kama ni a daren farko ba gudun yatsu ba ne, jiran da aka sa ni na yi ne kafin gudun. Ni kuwa na yanko ƙarshen na ajiye a gabana ina ta bugu, ina mamakin me ya sa ba ya yi mini daɗi ko da na buga shi daidai.

A cikin hutun nan ne kuma na bi tarihin waƙar, wanda a da ban damu da shi ba. Knopfler ya yi aikin jarida a Leeds, ya kuma koyar da Turanci a wata kwaleji, kafin ya kafa ƙungiyar a 1977 tare da ƙaninsa David da Illsley da Withers. Sunan ƙungiyar ma ma'anarsa halin ƙaƙa-ni-ka-yi, wanda ya dace da aljihunsu a lokacin. Wani dare ya shiga wata mashaya a kudancin Landan ya tarar da wasu makaɗan jaz suna wasa a lungu, wurin kusan babu kowa, 'yan tsirarun da ke ciki ma ba su kula su ba. Da suka tashi sai jagoransu ya sanar da sunan ƙungiyarsu, Sultans of Swing, wai su ne sarakunan wannan kiɗa. Girman sunan da ƙanƙantar wurin su suka ba shi dariya, suka kuma ba shi waƙa. Ya sha faɗa a hira cewa da farko a kan wata jitar ƙarfe ƙirar National ya tsara ta, kuma bai ji ta yi armashi ba sai da ya sayi jitar lantarki Fender Stratocaster ƙirar 1961 ya gwada ta a kai. Wani mai gabatar da shiri a gidan rediyon BBC na Landan, Charlie Gillett, shi ya fara sa kaset ɗin gwajinsu a 1977, daga nan kamfanonin faifai suka fara nemansu. A 1979 waƙar ta kai ta 4 a jerin waƙoƙin Amurka, ta 8 a Birtaniya.

Wannan ya canja mini yadda nake jin ihun mutanen Hammersmith. Waƙa ce a kan makaɗan da ba wanda ya saurara, ga shi shekara shida bayan rubuta ta zaure mai kujeru sama da dubu uku ya cika ana yi mata kururuwa. Mai waƙar kuma, ɗan shekara 33 da ƙyalle ɗaure a goshi, yana rera ta da muryar nan tasa ta ƙasa-ƙasa kamar mai ba da labari ga mutum ɗaya.

Da hannuna ya warke sai na koma farkon waƙar, inda ya kamata in fara tun asali. Na yi wata guda a kan karin kawai, yadda hannun dama ke shafa tsirkiyoyi ya kuma kashe sautin da tafin hannu. Sannan na shiga 'yan gajerun amsoshin da jita ke bayarwa bayan kowane layi na waƙa. Waɗannan su suka fi ba ni wuya a duk tafiyar, fiye da wurin gudun nesa ba kusa ba. Kowannensu bai fi daƙiƙa biyu ba, amma a ciki akwai tura tsirkiya sama har sautin ya hau daidai inda ake so, ba ƙasa ba, ba sama ba, sannan a girgiza shi kaɗan kafin a sake. Idan ka gaza da kaɗan, kunne zai ji kamar kukan kyanwa. Na yi kukan kyanwa na makonni.

Yaya ne ya ba ni shawarar in riƙa ɗaukar kaina a waya. Ranar da na fara saurare na so in goge kafin ya ƙare. A cikin kaina ina tafiya daidai da kiɗan, amma wayar ta nuna kullum ina gaba da shi, ina rige-rige, musamman a wurin da ya lafa. Shirun nan da Knopfler ke bari tsakanin sauti da sauti, ni tsoronsa nake ji, sai in yi maza in cike shi. Yaya ya saurara ya ce, "Kai matsalarka ba a yatsu take ba. Ba ka iya jira ba ne." Maganin da ya ba ni mai sauƙi ne: in riƙa buga ƙafa a ƙasa, kuma kada in taɓa tsirkiya sai na ji gangar ta sauka tukuna.

Wurin gudun kuwa, da na dawo masa bayan wata biyu ban taɓa shi ba, sai na tarar ƙofar 108 ta buɗe da kanta. Hannuna ya saki, na daina matse wuyan jitar, na kuma gano cewa fizge yatsan hagu shi ke yin rabin aikin, ba sai hannun dama ya kaɗa kowane sauti ba. Na kai 120 cikin mako guda. Daga 135 zuwa sama ne aka sake yin dogon zama.

A wannan tsakanin na nemi sauran wasannin da suka yi waƙar a ciki, don in ga ko akwai wata dabara da zan ɗauka. Na kalli na bikin tara kuɗin agaji na Live Aid a filin Wembley da ke Landan, ran 13 ga Yulin 1985, gaban mutum kusan 72,000, inda aka shigo da abin busa mai suna sakso a wurin da ya lafa. Yana da kyau, amma a kunnena sakson ya cike filin da na fi so a bar shi fayau. Na kalli na bikin cikar Nelson Mandela shekara 70, shi ma a Wembley, ran 11 ga Yunin 1988, lokacin Mandela yana kurkuku, inda shahararren makaɗin jita Eric Clapton ya tsaya a gefe yana riƙe musu jita ta biyu. Abin da na tsinta a duka shi ne mutumin ba ya maimaita kansa. Ginshiƙan suna nan, sautukan nan huɗu suna nan a ƙarshe, amma hanyar da yake bi ya isa gare su kullum daban ce. Wato ni na zauna wata da watanni ina haddace, sauti bayan sauti, abin da shi ya faɗa sau ɗaya a wani dare ya wuce. A jikin faifan Alchemy an rubuta cewa ba a sake ɗaukar komai ba, ba a kuma yi masa ƙari a situdiyo ba, abin da aka buga a daren shi ne ka ji. Daga nan na sassauta wa kaina. Na riƙe ginshiƙan yadda suke, wurin da ya lafa kuma na fara barin yatsuna su faɗi abin da ya zo musu, ko da bai kai nasa ba. Kuma bai kai ba.

A ƙarshen wata na bakwai Yaya ya zo da jitarsa ta katako ya ce zai riƙe mini kari mu buga ta daga farko har ƙarshe, ba tsayawa, ba komawa baya. Muka zauna a falo. Masu sauraro mutum biyu ne: matata, wadda ke ninke kaya ba ta ko ɗago kai ba, da ɗanmu ɗan shekara huɗu da ke wasa da mota a ƙasa. Yaya ya dube su ya dube ni, ya ce, "To, ga mashayar taka ta cika."

Na yi tuntuɓe a amsa ta biyu, na tura tsirkiya ta wuce inda ake so a baiti na uku. Da muka iso wurin da ya lafa, Yaya ya rage hannu har da ƙyar ake jin sa, ni kuma na buga ƙafa na jira. Na ajiye sauti ɗaya na bar shi ya mutu da kansa kafin in ajiye na biyu. Muka fara hawa. Na ji lokacin da ya ƙara nauyin hannunsa, na bi shi, na taɓo sautukan huɗu na janye kamar yadda na ji ana yi sau ɗari. Da na sake su, sun tafi zagaye shida sumul, a na bakwai manuniya ta zame, na kama a na takwas muka sauka tare.

Falon ya yi tsit, sai ƙugin amfilifaya. Matata ta ajiye rigar da ke hannunta ta ce, "Ashe tana da gaba." Yaya ya laluba aljihu ya ciro ɗan filastik ɗin nan da ya karɓe wata bakwai da suka wuce, ya ajiye mini a kan gwiwa. Na juya shi a hannu, na miƙa wa yaron, ya sa shi a bayan motarsa ya ci gaba da turawa.